Ranar da Yaya Ya Buɗe Ƙofa Goma Sha Huɗu

Yayana makulli yake yankawa. Shekara ashirin da shida ke nan yana zaune a bakin layinmu, ƙarƙashin wata 'yar rumfar kwano da ya kafa da hannunsa. Teburi ɗaya, benci ɗaya, sai wani inji da ya girmi rabin matan auren layin. Kowa Mai Makulli yake ce masa. Ni ƙanwarsa ce, ɗinki nake yi a kasuwa, kuma duk bakin gidanmu ni aka tara wa. Shi in ya yi magana goma a wuni, to ranar ya sha hira.

Ina da shekara shida babanmu ya rasu, shi yana da sha biyar. Bai yi shawara da kowa ba ya ajiye jakar makaranta, ya je ya zauna gaban wani tsoho mai gyaran kwaɗo da risho ya ce a koya masa. Da wannan sana'ar ya riƙe innarmu har ta koma ga Allah. Keken ɗinkin da nake cin abinci da shi yau ma, a kansa ya ɗauko shi ya dire min a tsakar ɗaki. Matarsa ta rasu ba su samu haihuwa ba, bai kuma sake aure ba. Na yi surutu har bakina ya gaji, amsarsa ɗaya ce: "Na ji." In Yaya ya ce maka ya ji, ka nemi wani aikin, don maganar ta mutu ke nan.

A wurin aiki ma haka kafiyarsa take. Ba ya yanka wa mutum makulli sai ya san ƙofar da makullin zai buɗe. In baƙuwar fuska ce, sai ka zo da kwaɗon ka buɗe a gabansa. In aike aka yi, sai ya ce a koma a turo mai ɗakin. Mutane su yi ta mita, wai makulli kawai sai ka ce takardar fili. Wata rana wani mutum ya zo da sabulu, an danna makulli a jikinsa zanen ya fito raɗau, ya ce a yanka masa irinsa, wai nasa ne ya faɗa kwata. Yaya ya karɓa ya jujjuya, ya jawo butarsa ya wanke hannu da sabulun tas har zanen ya shafe, sannan ya miƙa masa abinsa ya ce, "Yana da kumfa." A gabana aka yi. Mutumin ya tafi yana zage-zage, ni kuwa dariya har da riƙe ciki.

To wannan bawan Allah ne aka wayi gari ana ce wa ɓarawo.

Layinmu na 'yan haya ne, ɗaki da falo, ɗaki da falo, ƙofofi suna kallon juna. Kusan kowa ma'aikaci ne ko ɗan kasuwa. Ƙarfe takwas na safe tana yi layin zai yi tsit, ba ka ganin kowa sai Yaya a bakin hanya da tsofaffi biyu ko uku a bayan labule. Ba zan ce ba ma gaisawa ba, amma a tafe ake gaisuwar. Akwai wanda muka yi shekara huɗu bango ɗaya da shi ban san inda yake aiki ba.

Da rana tsaka aka fara satar. Direba, wani mai jan motar ma'aikata da ke tsakiyar layin, ya dawo da yamma ya tarar da kwaɗonsa a kulle lafiya lau. Ya buɗe, babu talabijin, babu akwatin matarsa. Bayan kwana tara aka shiga ɗakin Nas, wata ma'aikaciyar asibiti mai 'ya'ya biyu, aka ɗauke tukunyar gas da fanka. Cikin wata biyu an shiga ɗaki biyar. Ba a fasa ƙofa ba, ba a ɓalle taga ba, kwaɗo ko ƙwarzane babu. Ɓarawon ma mai ladabi ne, in ya gama sai ya mayar ya kulle.

Nan da nan aka kafa kwamiti. Shugaban wani ɗan fansho ne mai gidan kansa a farkon layi, gida ɗaya tilo mai get. Ciyaman muke ce masa tun kafin a samo abin da zai shugabanta. Aka raba usur, aka dasa fasassun kwalabe a kan katanga, aka ɗauki mai gadin dare, alhali ɓarawon namu da rana yake aikinsa. Sata ba ta tsaya ba, sai aka koma kallon juna. In ka fito shanya, ka ga labulen maƙwabci ya motsa. In ka sayi sabon abu, sai ka shigo da shi a ɓoye kada a tambaye ka inda ka samo.

Direba ne ya fara furtawa. Ya tsaya a bakin famfo ya ce, "Ƙofa dai ba ta buɗe kanta. Wa ya san cikin kwaɗon kowa a layin nan?" Bai kama suna ba, bai ma buƙaci kamawa ba. Cikin mako guda bencin Yaya, wanda tsofaffi ke hutawa a kai in sun dawo daga unguwa, ya koma ba mai zama. Masu gaishe shi suka koma danna waya in sun zo wucewa. Mutane suka rinƙa sulalewa kasuwa suna sayo sababbin kwaɗuna, kowa yana ɓoye nasa a ƙasan jaka.

Faɗa kam na yi shi. Na tare matar Direba na wanke ta tas, na ce mijinta ya iya bakinsa, don mutumin da yake shafa wa kashin kaji ya girmi ubansa a mutunci. Har aka san ni, in na shigo layin sai a yi shiru. Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, ni ma na canza nawa kwaɗon. Makullin ɗakina ɗaya yana hannun Yaya tun ranar da na tare, saboda ni gwanar yar da makulli ce. Na ce wa kaina ai don yadin mutane da nake kawowa gida ne, in aka ɗauke ina zan sa kaina? Ƙarya nake yi. Gaskiyar ita ce wata rana na tsaya ina kallon hannuwansa a kan inji, sai zuciyata ta ce, to in ba shi ba, wa? Minti ɗaya tunanin ya yi a kaina, amma minti ɗayan nan shi ya kai ni kasuwa.

Ranar wata Asabar da hantsi kwamiti ya kira taro a ƙofar gidan Ciyaman, aka aika Yaya ya zo. Ya zo da ƙurar ƙarfe a rigarsa, ya ƙi kujera.

Ciyaman ya yi gyaran murya ya ce, "Malam Mai Makulli, ba wanda ya ce kai ne. Amma hankalin jama'a ya ƙi kwanciya da zamanka a bakin layin nan. Kana nan kullum, an shiga ɗaki biyar, ka ce ba ka ga komai ba?"

Yaya ya ce, "Na gani. Ranar da aka shiga ɗakin Direba na ga mutum da fararen kaya da jaka, ya je ƙofar ya buɗe ya shiga, ya fito da kwali a ka. Na ɗauka ƙaninsa ne."

Direba ya zaburo. "Ƙanina? Ni ina da ƙani a garin nan?"

"Ina zan sani? Ka taɓa nuna min naka?"

Aka ɗauki hayaniya. Wani ya ce labarin mai fararen kaya yanzu aka ƙera shi. Ciyaman ya ɗaga hannu ya ce an yanke shawara, an ba shi zuwa Litinin ta sama, kwana tara, ya kwashe teburinsa ya nemi wani wuri, in bai kwashe ba za a kwashe masa. Na buɗe baki zan fara, Yaya ya dube ni na fasa. Ya juya ga Ciyaman ya ce, "Na ji." Suka ɗauka ya sallama. Ni da na san shi, na san ba inda za shi.

Na bi shi har rumfa ina magiya. Na ce ya zo gefen shagona a kasuwa, akwai wuri, ciniki ma ya fi. Yana goge magagarinsa da tsumma ya ce, "In na tashi, na amsa sunan ke nan. Duk inda na kafa teburi sunan zai riga ni zuwa." Na ce to ya zai yi da mutum talatin? Ya ci gaba da goge magagarinsa.

Ranar Laraba da safe na fito zan tafi kasuwa, na tarar bakin layi ya cika. Yaya ya jawo bencinsa ya gitta shi a hanya, ya zauna a tsakiya ya harɗe hannu. Duk wanda ya kulle ɗakinsa ya fito sai ya tarar da shi. Nas tana duba agogo, Direba yana kumfar baki wai ma'aikata suna jiransa, malaman makaranta biyu da jakunkuna a kafaɗa. Hayaniya ta fito da Ciyaman da singileti.

Yaya ya ce, "Minti goma nake so. Wanda ya haura bencin nan ya wuce, ban riƙe kowa ba, amma sai dai a ba shi labari."

Ba wanda ya haura. Ya miƙe, ya zazzage aljihunsa duka biyu a kan benci, ya fito da su waje kowa ya ga babu komai. Ya naɗe hannun riga ya ce a biyo shi.

A ƙofar farko ya tsaya, ta wani malamin makaranta. Ya miƙa hannu saman ƙofar, ya lalubo makulli, ya buɗe kwaɗo, ya tura ƙofar da yatsa. Bai shiga ba. Ya ja ya kulle, ya damƙa wa malamin makullinsa a hannu. Ƙofa ta biyu, ya ɗaga wani rabin bulo da ƙafa, ga makulli a kwance. Ta uku, cikin akwatin mita. Ta Nas, cikin wani tsohon takalmi da ke jingine da bango. Ta Direba kuwa, mai sabon kwaɗo ƙato da ya sayo bayan sata, makullin yana ƙarƙashin gwangwanin fenti, inda tsohon yake zama, don matarsa tana riga shi dawowa.

Abin da ke faruwa ke nan, kowa yana yi, kowa yana ganin shi kaɗai ya iya dabara. Miji ya fita, mata ta fita, yara suna tashi daga makaranta ƙarfe biyu, ba a ba yaro makulli kada ya yar. Sai a kulle, a waiga hagu a waiga dama, a duƙa. Mun canza kwaɗuna, ba mu canza maɓoya ba.

Da farko ana ta surutu a bayansa. Zuwa ƙofa ta shida baki ya mutu, ba ka jin komai sai ƙarar kwaɗo. Ni kuwa na san abin nan yana iya juyewa a kansa. Ciyaman ya ce, "To ni dai gidana da mutane a ciki." Yaya ya koma da baya, ya zura hannu cikin tukunyar furen da ke hagun get, ya zaro makullin ƙaramar ƙofa da ƙasa a jikinsa. Matar Ciyaman da ke leƙe ta saki labule.

Ƙofa goma sha huɗu ya buɗe. Ta goma sha biyar tawa ce. Ya duƙa ya ɗaga tsohuwar butar da ke gefen ƙofa, inda nake ajiye wa 'yata makulli. Ya ɗauko shi ya duba, ya dubi sabon kwaɗon da ke rataye yana ƙyalli. Bai buɗe ba. Ya kamo hannuna ya sa min makullin ya rufe yatsuna a kai, bai dubi fuskata ba. Ba wanda ya lura sai ni. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Ya juyo ga jama'a. Ban taɓa jin Yaya ya yi magana mai tsawon ta ranar ba.

"Ban zo da wayar ƙarfe ba, ban zo da guduma ba, kun gani. Duk wanda ya zauna a layin nan safiya biyu zai san abin da na sani. In ya zo da kaya masu tsabta ya ɗauki makulli ya buɗe kamar ɗakinsu, wa zai ce masa kai wane ne? Ba ku san dangin juna ba. Kun yarda da bulo, kun yarda da tsohon takalmi, kun yarda da gwangwanin fenti. Ba wanda ya yarda da mutumin da ƙofarsa ke kallon tasa. Sai ni da nake zaune a fili kuka ga dama."

Direba ya ce, "Jama'a, ai ga shaida nan. Ya san maɓoyar kowa. Da bakinsa da hannunsa ya nuna mana."

Wallahi wasu suka gyaɗa kai. Mutum in ka kunyata shi a gaban jama'a, ba gaskiyarka yake dubawa ba. Ciyaman, da ƙasar furensa a tafin hannu, ya ce wa'adi yana nan, Litinin. Yaya ya je ya janye bencinsa ya ce, "Minti goman ya cika," ya kunna inji.

Amma daga ranar ba wanda ya sake iya duƙawa a ƙofarsa. Kowa ya tafi aiki da makullinsa a aljihu, sai wahala ta faɗa kan yara. Ƙarfe biyu suka dawo suka zazzauna a dokin ƙofa cikin rana, da yunwa, da jakunkuna. Matar Direba ta dawo ta yi awa uku a waje tana jiran miji. Ni kaina sai da na rufe shago da azahar na kawo wa 'yata makulli na koma.

'Ya'yan Nas ne suka fi shan wuya, don ranar Alhamis aiki ya riƙe ta har yamma. Ƙofar da ke kallon tata ta wata tsohuwa ce da muke ce wa Inna, mai ciwon gwiwa, kullum tana gida. Shekara biyu ba sa magana da Nas, a kan ruwan wanki da ke gangarowa ƙofar Inna. Inna ta leƙo ta ga yaran sun yi laushi, ta ce su shigo. Ta ba su ruwa, ta ba su abinci, ƙaramar har ta yi barci a kan gadonta. Da Nas ta dawo ta tsaya a ƙofar ta rasa ta inda za ta fara. Inna ta ce, "Shigo mana, ai ba ruwan wanki a ciki."

Litinin ta zo. Tun da sassafe na je na tsaya a gefen rumfa, na ɗaure gyale a ƙugu, na ce yau sai dai a ɗauke teburin da ni. Yaya ya share wurinsa ya yayyafa ruwa kamar kullum, ya jera kwaɗuna, ya damƙe wani makulli ya hau goga. Ƙarfe bakwai da rabi sai ga Ciyaman da Direba da wasu maza biyu. Masu fita aiki suka fara tsayawa.

Ciyaman ya ce, "Malam, wa'adi ya cika."

Yaya ya ce, "Na sani. Ga teburin nan. Ni dai ba zan ɗaga shi da hannuna ba."

Mazan biyu suka dubi juna, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara. Ana cikin haka Nas ta ratso mutane da fararen kayanta, ta ajiye makullinta a kan teburin, ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Baba, yarana za su dawo ƙarfe biyu." Malamin ƙofar farko shi ma ya ajiye nasa. Kafin ka ce me makulli tara sun taru a gaban Yaya. Raina ya yi fari, na ce shi ke nan an gama, wa zai ɗaga teburin da ɗakunan mutum tara ke kai?

Ashe ban gama sanin yayana ba. Ya sa bayan hannu ya ture su gefe ya ce, "Ba zan riƙe ba."

Na ce, "Yaya, don Allah."

"Ba zan riƙe ba. In na karɓa, gobe allura ta ɓace a ce Mai Makulli. Ran da na kwanta ciwo kuma fa, ku koma wa bulo?" Ya ɗauki na Nas ya miƙa mata. "Wa ya ba 'ya'yanki ruwa ranar Alhamis?"

Ta ce, "Inna."

"To me ya kawo ki wurina?"

Nas ta karɓa ta juya ta nufi ƙofar Inna, kowa yana kallo. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana faɗa wa kowa inda zai kai nasa. Malam, matar mai wanki tana gida kullum, ƙofarta ce ta uku daga taka. Kai kuma, mai aski yana buɗe shago har magariba, bayan tagarka yake. Wasu ma ranar suka fara sanin wa ke wuni a layin. An yi ta sunkuyar da kai, ana ƙwanƙwasa ƙofofin da ba a taɓa ƙwanƙwasawa ba.

Ciyaman ya ga iska ta juya, ya gyara tsayuwa ya ce, "To, bisa la'akari da halin da ake ciki, kwamiti ya ɗage maganar tashi zuwa wani lokaci."

Yaya ya ajiye magagari. "Ba a ɗage ba. Ban roƙi alfarmar zama ba, wurina ne. A gaban jama'a aka sa min suna, a gaban jama'a za a cire. Wanda ya zarge ni ya buɗe baki ya ce ya zarge ni, kuma ba ni ba ne."

Ciyaman ya hau duba wayarsa. Direba ya kafe idonsa a kan bango, jijiyar wuyansa ta tashi. Waɗanda suka gyaɗa kai ranar Laraba duk suna nan, kowa ya zama kurma. Na dube su ɗaya bayan ɗaya, raina yana tafasa, na buɗe baki zan zazzage musu. Sai na ji nauyin sabon makullin nan a cikin jakata, na san ba ni da bakin zagin kowa.

Na ce, "Ni ce." Muryata ta fito wata iri, na sake ɗagawa. "Ni na zarge shi. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, shi ya raine ni, makullina yana hannunsa shekara goma sha ɗaya ko tsinke bai taɓa ɓata ba. Na je kasuwa a ɓoye na canza kwaɗo don kada ya shiga. Ina zaginku a waje, a ciki ina tare da ku. Ba shi ba ne. Yaya, ka yafe min."

Kuka ya ci ƙarfina a tsakiyar titi, ni da ake tsoron bakina. Bayana malamin nan ya ce shi ma ya zarge shi, a yafe masa. Sai matar Direba, daga can baya, ta ce ita ma, mijinta ya juya ya harare ta ba ta fasa ba. Mutum shida suka faɗa. Ciyaman da Direba ba su faɗa ba, har yau kuma ba su faɗa ba.

Yaya ya ɗauki magagarinsa. Can ya ce min, "Tun ranar da kika rataya shi na gani. Kwaɗon ma ba mai kyau ba ne." Aka yi 'yar dariya, shi bai yi ba. Ya ce ya yafe, kowa ya tafi aiki kada a makara.

Teburin yana nan inda yake. Ɓarawon ba a taɓa kama shi ba, ba mu ma san ko wane ne ba, amma tun daga lokacin ba a sake shiga ɗakin kowa ba. Yanzu masu wuni a gida su ke riƙe makullan masu fita. In baƙo zai zo maka, sai ka kai shi ƙofar da ke kallon taka a ga fuskarsa. In baƙuwar fuska ta tsaya a wata ƙofa, kafin ta taɓa kwaɗo Inna ta ɗaga labule ta ce, "Wa ake nema?" Ciyaman yana ba mutanen wasu layuka labari wai tsarin kwamitinsa ne. Ya ci gaba, ba mu hana shi ba.

Da yammacin waccan Litinin ɗin na je rumfa, bayan ya fara tattara kaya. Na ciro ɗaya daga cikin sababbin makullan na ajiye a gabansa, na ce ya riƙe min kamar da. Ya dube shi bai taɓa ba.

Ya ce, "Kai wa maƙwabciyarki."

Na ce, "Yaya, ai ka ce ka yafe."

"Na yafe. Kai mata."

Na kai mata, yana wurinta shekara uku ke nan. Yaya yana zuwa ɗakina duk Juma'a ya ci abinci, yana yi wa 'yata wasa, in na yi ciwo shi ne na farko a kaina. Amma da can tura ƙofa kawai yake yi ya shigo, ya buɗe tukunya ya ga abin da na dafa. Yanzu ko ƙofar a wangale take, a waje yake tsayawa ya yi sallama, ba ya ɗaga ƙafa sai na fito na ce ya shigo.